Tabki ɗaya, masu shi da yawa: shata bakin ruwa a Magariya da Dungas

Ƙasar Nijar ba ta da teku, amma ta san irin rigimar da ke damun ƙasashen bakin teku. A can masunta da jiragen kaya da masu haƙar mai da masu kafa injunan lantarki na iska duk a kan ruwa guda suke takara. Shi ya sa a 2014 Tarayyar Turai ta umurci ƙasashenta masu gaɓar teku su tsara wa kowace sana'a wurinta kafin ƙarshen watan Maris 2021, tare da shawartar masu sana'o'in tun daga farko.

A kudancin jahar Damagaram, cikin kwarin Korama, tabkuna da fadamu su ne tekun talaka. Daga Bande zuwa Waca, daga Guci zuwa Malawa, tabki guda yana ciyar da masu kamun tarwaɗa da karfasa, da masu lambun rake da rogo da albasa, da makiyayan da ke kawo garke mashaya, da mata masu wanki, da masu kwaɓa tubali. Da damina, ruwa ya cika, kowa yana da wuri. Gardama tana tashi ne da rani, sa'ad da ruwa ya janye ya bar danshi a baki.

Wannan danshi shi ne dukiyar. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani, jama'a kuwa suka amsa kira, kuma an ga amfaninsa a tukunya. Sai dai kowace shekara shinge yana bin ruwa yana matsawa ciki, har a wayi gari lambuna sun yi wa tabki zobe. Saniya ba ta san shinge ba, ƙishirwa ta sani. In ta keta, a kai ƙara gaban sarki. In ta shiga ta inda aka kafa taru, masunci ya yi asara. Ga kacalla kuma, wadda ke cinye fuskar ruwa tana rage wa kowa rabonsa.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar tsarin karkara ta ran 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Kofo, a matakin gunduma, daga baya kuma aka kai su har zuwa ƙauye. Dokar kiwo ta ran 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa da isa ga ruwa. A Kofo ta ƙauye mai gari ne shugaba, ga kujerar manoma, ga ta makiyaya har da masu tafiya kiwo nesa, ga ta mata da matasa da sauran masu cin abinci a daji da ruwa, irin su masunta. Magatakarda kuwa dole ya iya karatu da rubutu, aikin da ya dace da waɗanda suka fito makarantar yaƙi da jahilci.

Amma kujera a takarda daban, mutum a kan tabarma daban. In aka kira taro da damina, Bafillatanin da ya fi kowa bukatar mashayar yana arewa da shanunsa. Ya dawo bayan girbi ya tarar an kafa duwatsun iyaka ba da saninsa ba. In aka kira shi ranar kasuwa, mata ba za su zo ba. In kuma jami'i ya iso da taswira a gama zane, abin da ya yi sanarwa ce, ko da an rubuta “shawara” a kan rahoto. Irin wannan shata ba ta kai rani biyu.

Abin da ya fi dacewa shi ne a yi zaman da kaka, bayan gwamna ya sanar da ranar sakin gonaki, lokacin da kowa yana gida. A zagaya tabkin da ƙafa, sarkin ruwa da arɗo da masu lambu tare, a nuna burtalin da zai kai ga mashaya da faɗinsa, da gefen da za a bar wa kifi ya hayayyafa, da watannin da za a ɗage taru. Tun da bakin ruwa ba ya tsayawa wuri guda, a auna iyaka daga inda ya kai da cikarsa. Magatakarda ya rubuta da Hausa, a karanta wa taro, kowane wakili ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, sa'an nan a kai kwafi ga Kofo ta gundumar Magariya, ko ta Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011.