Dangantakar Sassa Uku na Rundunar Ruwa ta Ingila

Sau da yawa in an ambaci sojan ruwa, abin da kan zo wa mutum a zuciya shi ne jirgin yaƙi da matuƙansa. Amma in muka dubi tsarin Ingila, za mu tarar sassa uku ne a ƙarƙashin shugabanci ɗaya, kamar duwatsun murhu.

Sashe na farko shi ne na jiragen yaƙi, na bisa ruwa da na ƙarƙashinsa. Shi ne uwa, kuma Babban Hafsan Sojan Ruwa shi ke shugabancin sassan ukun gaba ɗaya. Shi kuwa yana ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, wadda ta haɗiye tsohuwar ma'aikatar sojan ruwa a 1964.

Sashe na biyu su ne waɗanda ake kira Marin, watau mayaƙan da jirgi kan kai gaɓar teku su sauka su yi yaƙi a tudu. An kafa su a 1664, aka kuma danƙa su ga hukumar sojan ruwa a 1755. Muƙamansu irin na sojan ƙasa ne, akwai saje da manjo da kanar, amma duk da haka ba sa cikin rundunar sojan ƙasa. A nan tsarin ya bambanta da na Amurka, inda Marin suke runduna mai zaman kanta, ko da yake ma'aikatarsu ɗaya da sojan ruwa.

Sashe na uku shi ne ayarin jiragen guzuri, wanda aka kafa a 1905. Aikinsa kai wa jiragen yaƙi mai da abinci da albarusai a tsakiyar teku, don kada su riƙa komawa tasha. Abin lura a nan shi ne, ma'aikatansa farar hula ne da Ma'aikatar Tsaro ta ɗauka aiki. Shi ya sa sunan jirgin yaƙi ke farawa da haruffan HMS, na guzuri kuwa da RFA.

Yaƙin tsibiran Fokland da aka yi da Ajantina a 1982 ya nuna yadda sassan ke dogara da juna. Tsibiran na da nisan mil kamar 8,000 daga Ingila. Jiragen yaƙi suka tsare hanya, Marin da sojan ƙasa suka sauka gaɓa, jiragen guzuri suka ciyar da kowa. Ran 8 ga Yuni aka jefa wa jirgin ayarin guzuri mai suna Sa Galahad bom, mutum 48 suka halaka, har da ma'aikatansa.

To, ga inda matsalar take. Soja ba shi da ikon yajin aiki, amma farar hula yana da shi, kuma a 2024 ma'aikatan ayarin guzuri sun yi yajin aiki a kan albashi. Ke nan iyakar nisan da jirgin yaƙin Ingila zai iya kaiwa ya daɗe a can ya rataya ne a wuyan mutanen da doka ba ta ɗauke su soja ba.