Ƙwaƙwalwar jariri da hannun mai reno

Yau zancenmu a kan ƙwaƙwalwar yaro ne.

Ran da aka haihi jariri, girman ƙwaƙwalwarsa kamar kashi 1 cikin 4 ne na ta babban mutum. In ya kai shekara 5, ta kusa cika girmanta. To, mi ke gina ta? Abinci yana ciki, amma ba shi kaɗai ba. Ga shaida daga Rumaniya, wata ƙasa ta Turai.

A shekarar 1989 gwamnatin ƙasar ta faɗi. Sai aka iske dubban yara a gidajen reno na gwamnati. Ma'aikaciya ɗaya ke lura da yara da yawa. Ana ba su abinci da wurin kwana, amma ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu magana.

A shekarar 2000 masana uku daga Amurka suka soma bincike a Bukares, babban birnin ƙasar. Suka ɗauki yara 136, masu wata 6 zuwa wata 31. Aka yi ƙuri'a: 68 aka ba iyalai riƙo, 68 suka zauna a gidan reno. Aka yi ta bin su har suka girma. An duba su suna da shekara 8, da 12, da 16. An kuma auna aikin ƙwaƙwalwarsu da na'ura.

Mi aka gani? Yaran da suka samu masu riƙo sun fi sauran kaifin hankali. Ciwon fargaba da na baƙin ciki sun ragu gare su. Waɗanda aka ɗauka tun ba su cika shekara 2 ba sun fi cin amfani. Waɗanda suka zauna gida guda, ba a yi ta sauya musu hannu ba, sun fi lahiya. Amma ciwon rashin natsuwa bai ragu sosai ba.

Wannan ba ya nufin duk yaron da ya rasa kulawa zai yi taɓin hankali. Haɗarin ne ke ƙaruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka, uwa, ki riƙa yi wa jaririnki magana ko kina daka. Uba, ka ɗauke shi, ka yi wasa da shi. In ya yi kuka, ku amsa. In maraya ne a hannunku, ku bar shi wurin mutum ɗaya mai ƙaunarsa. In kun ga yaro ba ya kallon mutane, ko ya makara wajen magana, ku kai shi likita.

Allah ya raya mana su. Sai mako mai zuwa.