Aikin Duba-gari a Masaukin Baƙi

Wanda ya biya kuɗi ya kwana a masauki bai san wanda ya tashi daga shimfiɗar jiya ba, ba shi kuwa da ikon binciken rijiya ko salga kafin ya biya. Don haka hukuma take shiga tsakaninsa da mai masauki, ta duba masa abin da ba ya iya dubawa.

A Ingila aka tsara wannan aiki sosai. A 1851, bayan annobar kwalara ta 1848 da 1849, majalisa ta kafa doka a kan gidajen kwanan talakawa, bisa ƙoƙarin Lord Shaftesbury. Aka wajabta wa mai gida ya yi rajista, kada ya wuce adadin masu kwanan da aka yanka masa, kada kuma ya hana mai dubawa shiga. In wani ya kwanta da ciwo mai yaɗuwa, lalle ya sanar. Har lokacin shafe bango da farar ƙasa aka ƙayyade, watau makon farko na Afrilu da na Oktoba. A birnin Landan 'yan sanda ne suka riƙe aikin, sai a 1894 ya koma hannun majalisar birni.

Duk wannan aikin ido ne da hanci, irin na duba-garin zamanin En'e a ƙasar Hausa, wanda yakan leƙa randa ya nemi tsutsar sauro. Ba abin rainawa ba ne, gama cunkoso da ƙazanta ba su ɓuya.

Amma a 1976 aka ga iyakar ido. Tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a wani babban otal a Filadalfiya, ciwon huhu ya kama da yawa, kimanin 30 suka rasu. Sai a farkon 1977 aka gano ƙwayar cutar, aka sa mata suna Legionella. A ruwa mai ɗumi take hayayyafa, cikin tanki da bututu da na'urar sanyaya gini, mutum kuwa shaƙar feshin ruwan yake yi ya kamu. Ɗaki yana iya zama tsaf, cutar tana bayan bango.

Shi ya sa a ƙasashe da yawa mai dubawa yanzu yakan auna zafin ruwan famfo, ya tabbatar ruwan zafin tanki ya kai digiri 60, sa'an nan ya ɗebi kaɗan ya aika ɗakin gwaji.