Ƙara wa tsohon inji ƙarfi: yi lissafi kafin ka biya makanike

Jama'a, duk mai tsohuwar mota a nan Kudu ya san maganar makanikai: "Alhaji, kawo in buɗe mata injekta, in sauya salansa, za ta koma tamkar sabuwa." Ni ɗan mai fataucin shanu ne, kullum ina cikin direbobin lodi a kara, shi ya sa nake so mu duba maganar da lissafi.

Ƙarfi iri biyu ne. Akwai ƙarfin murɗa, wanda ke tayar da mota da kaya a kan hawa, ana auna shi da Nm. Akwai ƙarfin doki, wato ƙarfin murɗa haɗe da saurin juyin inji. Ka ninka ƙarfin murɗa da yawan juyi a minti ɗaya, ka raba da kusan 7,000, ka samu dawakai. Mai ɗauko shanu daga Arewa ƙarfin murɗa ya fi buƙata, tun inji bai yi ihu ba.

Mu ɗauki injin Mercedes OM352, mai silinda 6. Yana ba da doki kusan 130 a juyi 2,800, wato wajen 325 Nm ke nan a daidai wannan juyin. Irinsa mai tobo da kamfani ya ƙera yana kai wajen doki 168. Ƙarin bai wuce kashi 30 cikin 100 ba, kuma injiniyoyin kamfanin ne suka yi, da fistan da saitin injekta da suka dace. To in wani a Ladipo ya ce zai ninka maka ƙarfi, ka riƙe kuɗinka.

Dalili kuwa, inji da iska yake aiki. In ka ƙara gas ba ka ƙara iska ba, baƙin hayaƙi da zafi za ka samu, sai gasket ya ƙone a hanyar Jebba, shanu na tsaye cikin rana. Salansa da matatar iska ɗan abu kaɗan suke ƙarawa, kuma ba a tara alƙawuran kayan gyara kamar kuɗin cefane.

Sannan 130 ɗin nan na sabon inji ne. Wanda ya shekara 30 yana aiki, ringi ya ci, nozul ya toshe, ba ya kai haka. A ganina, a fara auna matsin kowace silinda, a gyara nozul, a wanke lagireto. Yawancin "ƙarin" da direba ke ji bayan gyara, ƙarfin da ya zube ne ya dawo.