SAMARIN GOTEBOG DA FAIFANSU NA FARKO

Gotebog shi ne birni na biyu a ƙasar Suwed, can arewacin Turai. Gari ne na bakin teku, mai babbar tashar jiragen ruwa, kuma nan ne mahaifar motocin Volvo. Amma ga samarin duniya garin ya yi suna da wani abu dabam, watau wani salon kiɗa da ƴaƴansa sunka fito da shi a farkon shekarun 1990.

Asalin kiɗan shi ne wanda Turawa ke ce ma "des metal", ma'ana kiɗan ƙarfe na mutuwa. Ana sassauta tsirkiyar gita har sautinta ya yi kauri, a ƙara mata ƙarfi da lantarki, mai ganguna yana bugu da hannu biyu da ƙafa biyu, mawaƙi kuwa ba ya rerawa, sai gurnani kamar zaki. Wanda bai saba ba sai ya ce hayaniya ce kawai.

Wani saurayi, Jesper Strömblad, wanda bai kai shekara 20 ba, ya ga cewa ƙarfi kaɗai ba ya riƙe kunne. Cikin shekara ta 1990 ya kafa ƙungiyar In Flames, watau "cikin harshen wuta", domin ya gama wannan gurnani da daɗin amon gita biyu masu tafiya tare, irin na ƙungiyar Iron Maiden ta Ingila. Glenn Ljungström ya riƙe gita, Johan Larsson ya riƙe bas. Ba su da mai ganguna, sai Jesper ya buga da kansa. Ba su da mawaƙi, sai sunka aro Mikael Stanne daga ƙungiyar abokansu, Dark Tranquillity.

Da wannan ƴan kame-kame sunka shiga ɗakin ɗaukar murya na Fredrik Nordström, Studio Fredman. Cikin 1994 wani ƙaramin kamfani, Wrong Again Records, ya fitar da faifansu na farko, Lunar Strain, mai waƙa 10.

Abin da ya fi jan hankali cikin faifan shi ne taken "Hårgalåten", wanda anka kaɗa da gogen Turawa. Ba su sunka ƙirƙiro shi ba, tsohon kiɗan ƙauye ne na lardin Helsingland, kuma yana da tatsuniyarsa. An ce wani baƙon mai goge ya zo dandalin ƙauyen Horga, samari da ƴan mata sunka shiga rawa, ashe Iblis ne. Ya yi ta kaɗa masu, sun kasa tsayawa, har ya ja su bisa dutse sunka yi ta rawa sai da sunka mutu. Ga samari masu dogon gashi da baƙaƙen tufafi, waɗanda ake zato sun juya ma al'ada baya, ga su kuma sun ɗauko kiɗan kakanninsu sun kai shi kunnen duniya.

Bayan nan ƙungiyoyin biyu sunka zama kamar sun yi musayar mawaƙa: Stanne ya karɓi waƙa a Dark Tranquillity, Anders Fridén, wanda ya yi waƙa cikin faifanta na farko, Skydancer, na 1993, ya koma In Flames. Cikin 1995 da 1996 faifai uku sunka fito, The Gallery, da The Jester Race, da Slaughter of the Soul na ƙungiyar At the Gates. Su ne sunka kafa abin da ake kira salon Gotebog, wanda makaɗan Amurka sunka kwaikwaya daga baya.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. A Suwed, hukumomin gari suna da makarantun kiɗa na yara masu araha, sa'an nan ƙungiyoyin karatun manya, irin su ABF da anka kafa tun 1912, suna ba samari ɗakunan gwaji da kayan kiɗa. Ko mutum ya so wannan kiɗa ko ya ƙi, darasin a fili yake ga duk mai riƙe da sha'anin matasa: inda anka ba yaro wuri da kayan aiki, anka kuma bar masa gadon gidansu kusa da hannu, zai yi abin da za a ji shi nesa.