Kashin Da Aka Sha A Bakin Kogi, Da Binciken Farko Na Majalisar Amurka

Da asubahin 4 ga Nuwamba, 1791, mayaƙan ƙabilun asalin Amurka, a ƙarƙashin jagorancin Little Turtle da Blue Jacket, suka yi wa sansanin Janar Arthur St. Clair ƙawanya a bakin kogin Wabash. Kafin hantsi an kashe sojoji fiye da 600. Sauran suka watsar da bindigogi, kowa ya yi ta kansa.

Tsarin mulkin Amurka bai ce uffan ba game da ikon majalisa na yin bincike, shi ya sa da aka zo batun binciken wannan kashi da aka sha, 'yan Majalisar Wakilai suka fara da jayayya. Wasu suka ce a roƙi Shugaba George Washington ya bincika da kansa. Aka yi watsi da wannan, kuma da gaskiyarsu, don ba a ba kura ajiyar nama. Ranar 27 ga Maris, 1792, suka kafa nasu kwamitin, da ikon kiran mutane da neman takardu. Hujjarsu ita ce su suka ware kuɗin yaƙin, dole su san inda ya shiga. Sun kuma gaji al'adar daga Ingila, inda majalisa ta binciki tafiyar yaƙin Ayalan a 1689.

Washington ya tara ministocinsa, suka yanke cewa shugaba zai iya riƙe takardar da fitarta za ta cutar da jama'a. A wannan karon dai bai riƙe ko ɗaya ba.

Abin da kwamitin ya tono ba baƙo ba ne ga mai bin labarin kwangila. Abinci bai isa a kan lokaci ba, bindigogi da yawa a lalace, sirdunan dawakin kaya ba su moruwa. Ɗan kwangilar, William Duer, yana gidan yari saboda bashi tun kafin a kammala rahoton. A watan Mayu aka wanke St. Clair, aka ɗora laifin a kan masu samar da kaya. Sakataren Yaƙi Henry Knox ya tayar da jijiyar wuya, aka sassauta lafazin rahoton, majalisa kuma ba ta taɓa kaɗa ƙuri'a a kansa ba.

Babu wanda aka hukunta, amma ƙofa ta buɗe. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da wannan iko na bincike a 1927. A Najeriya kuwa an rubuta shi ƙarara a sashe na 88 da 89 na tsarin mulkin 1999.