Lasisin Masu Kafa Ƙararrawar Gobara a Amurka

A Amurka, jihohi ne ke tsara wanda zai kafa ƙararrawar gobara a gini, don haka lasisin Teksas ba lallai ya yi aiki a Kalifoniya ba. A Teksas, hukumar kula da gobara ta jiha ke yi wa kamfani rajista, ma'aikacinsa kuma sai ya ci jarrabawa. Kalifoniya lasisin aikin lantarki mai lamba C-10 take nema. Fulorida ta raba lasisin ƙararrawa gida biyu: mai na biyun zai kafa ƙararrawar ɓarayi, amma ba zai taɓa ta gobara ba. Rabon ya dace, domin kuskure a ƙararrawar gobara rai yake ci. Wajen aikin kansa kuwa, yawancin jihohi ƙa'idar ƙararrawar gobara mai suna NFPA 72 suke bi.